Ba a Ba Allah Ƙanzo

Inna, uwar maigidana, ta rasu ranar wata Talata a tsakiyar bazara, ina kasuwa ina zuba wa fataken shanu miya. Ba mu binne ta ba sai Alhamis, domin ɗanta direban tirelar shanu ne, saƙon ya same shi can Kudu bai ko sauke kaya ba. Kwana biyun nan sun dami maƙwabtanmu Musulmi ƙwarai. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali, "Har yanzu ba a kai ta ba?" In ce mata gawar na asibiti, ɗanta ake jira. Ta girgiza kai ta ce to, kowa da al'adarsa.

Mu Kiristocin Talata Mafara ba mu da yawa, kuma kowace shekara raguwa muke yi. Iyayena da ke Bakura tuni suka koma garinmu na asali. 'Yan'uwanmu biyu ko uku da suka rage a Maradun da wajen Janbako waya suka bugo, suka ce hanya ba ta biyuwa, ba kuwa sai sun yi mana bayani ba. Saboda haka tabarmin da muka shimfiɗa a ƙofar gida mahauta ne suka cika su, da dillalan kara, mutanen da suka shekara da shekaru suna cin tuwon Inna.

Sarkin Fawa ya zo da jama'arsa tun da safe. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya zafi, ya muka ji da haƙuri, har gaisuwa ta ƙare ya koma juya carbi. Na san abin da ya dame shi. Kalmar addu'ar da suke yi wa mamatansu ce, bai san ko ya halatta ya yi wa tamu ba, kuma yana jin kunyar ya tashi bai ce komai a kanta ba.

"Allah shi ba ku haƙuri," in ji shi daga ƙarshe. "Tsohuwag ga, Allah ya san tsakaninta da shi. Mu dai alheri munka gani."

Matan zumunta na cocinmu, su bakwai, suka zauna a tsakar gida suna waƙa da murya ƙasa-ƙasa. Shugabarsu ta kama hannuwana biyu ta ce, "Ke kika zama idonta tun da ta makance. Kowa ya san ke ke karanta mata Maganar Allah. Ladanki na sama." Na ce amin. Maigidana ma da ya iso, ƙura har gira, abin da ya fara ce mini ke nan: "Na gode da kika riƙe mini uwata." Shi ma na ce masa ba komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutum ɗaya ce ba ta yabe ni ba. Hajiya mai fura, wadda rumfarta ke jingine da tamu a kasuwa, ta shigo ba ta bi ta kan tabarma ba. Ta wuce kai tsaye ta zauna a dokin ƙofar ɗakin Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska, tana ta maimaita magana ɗaya: "Wa za shi riƙa min yanzu? Wa za shi riƙa min?" Matan zumunta suka kalli juna, ba su gane ba. Ni na gane. Har ta tashi ba ta dube ni ba, ni ma ban iya duban ta ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Inna, don kuma yabon da aka yi mini ranar nan ya zauna mini kamar ƙaya a tafin ƙafa. Maigidana zai karanta, a nan kuwa zai fara jin wasu abubuwan.

Inna ta zo garin nan tana amarya, lokacin da mijinta ya sami aikin lebura a madatsar ruwa. Aiki ya ƙare, miji ya mutu, ita ta zauna da ɗa guda da tukunya guda. Ta kafa rumfar abinci kusa da kara, inda ake cinikin shanu: tuwo, shinkafa, farfesun kayan ciki. Namanta daga kwata take saye, yankan Musulmi, ba ta taɓa yarda wani nama ya shiga tukunyarta ba, don kada wani ya ci da shakka. Gajeriya ce, ga faɗa. In dillali ya ce miya ta yi ruwa sai ta ce, "Ka kawo naka sa mu yanka, ta yi kauri." Karatu kuwa da girmanta ta koya, a ajin yaƙi da jahilci na matan coci. Da yatsa take bin layi, da ƙarfi take karantawa, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ranar da aka fara kai ni rumfar ina sabuwar amarya, na ga abin da ya ba ni mamaki. Hantsi ya yi, masu karin kumallo ba su gama watsewa ba, ga tukunyar rana a wuta, sai Inna ta wanke hannu, ta goge a zani, ta leƙa rumfar maƙwabciya.

"Hajiya, riƙa min."

Hajiya ta aje ludayin furarta, ta tsallako ta karɓi muciya kamar tata ce. Inna ta ɗauki Littafinta da ke naɗe cikin tsohon ɗankwali, ta zaga bayan rumfa inda ta kewaye da zana, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Muna jin muryarta daga nan, tana karatu, sannan ta yi addu'a, tana kiran sunayen mutane ɗaya-ɗaya har da na mahautan da ta gama zagi da safe. Ba ta daɗewa. Kafin ruwan tuwo ya tafasa ta fito. Da aka kira azahar kuma sai na ji muryar Hajiya daga rumfarta: "Riƙa min." Inna ta tsallaka ta zauna gaban ƙwaryar fura, Hajiya ta ɗauki buta. Da la'asar ma haka.

Haka suka yi shekaru fiye da waɗanda na yi a duniya a lokacin. Ba su taɓa zama sun yi gardamar addini ba, ban kuma taɓa jin ɗaya ta ce wa ɗaya ta gode ba. Dillalai sun san lokacin. In baƙo ya zo da hantsi yana ƙwala sallama, su ne za su ce masa, "Zamna ka jira, ta tahi wurin Ubangijinta."

Inna fa ba ta iya dama fura ba, kuma har ta mutu ba ta yarda ba ta iya ba. Ko ta yi tsululu ko ta yi gudaji. Mahauta suka sa mata suna furar Lahadi. Duk da haka, da mijin Hajiya ya rasu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita, Inna ce ta riƙe rumfuna biyu. Kullum sai ta biya gidan Hajiya ta ɗauko ƙwarya, ta tare matan Fulani masu zuwa da nono daga wajen Damaga, ta zaɓi mai kyau, ta zauna tsakanin murhu da ƙwarya tana yi wa kowa masifa. Mahauta suka yi ta shan furar Lahadi suna yamutsa fuska, ba wanda ya koma wani wuri. A cikin watannin nan ba mai riƙa mata, amma ko sau ɗaya hantsi bai wuce ta ba. Faifai take kifawa a kan komai, ta ce da duk wanda ke zaune, "Ku yi gadi, Allah na kallonku," ta zaga bayan zana.

Na taɓa tambayar ta, a lokacin muna shiri sosai. Na ce, "Inna, me zai hana ki bar addu'ar nan sai an tashi kasuwa, kin huta, hankalinki kwance? Ni da yamma nake yin tawa."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ta san ƙarya nake yi, domin da yamma ko takalmi ba na iya cirewa kafin barci ya ɗauke ni. Ta ɗauki mara ta kwashe malmala ta farko, fara tas, tana tururi, ta aje a kwano. Sannan ta nuna mini gindin tukunyar jiya da ke jiƙe a gefe.

"Ɗiyata, in babban baƙo ya zaka gidanki, wanne za ki ba shi?"

Na ce malmala.

"To shi da ya ba ki yinin dut, shi za ki kankaro ma ƙanzo? Ba a ba Allah ƙanzo."

Na yi dariya, na kai maganar zumunta, mata suka yi ta tafi. Har fasto ya sa ta a wa'azi. Ni ce na yaɗa maganar a gari, ni ce kuma ban taɓa aiki da ita ba. Kullum da dalilina, kuma dalilan gaskiya ne: 'ya'ya huɗu, miji a kan hanya, itace, ruwa, cefane, layin kwata tun asuba don kada a bar mini ƙashi. Mace mai sana'a ba ta da lokacin kanta balle na wani. Abin da na kasa gani shi ne ita ma duk ta bi ta nan, ita kaɗai, ba suruka.

Sai idonta ya fara dushewa. Da fari ta ce hayaƙi ne. Ta riƙa nesanta Littafin, ta kusanto, ta fita rana da shi. Muka kai ta asibiti, aka ba da maganin ɗigawa, aka ce an makara. Cikin shekara biyu ta daina bambance gishiri da sukari, rumfa ta dawo hannuna gaba ɗaya. Amma ta ƙi zaman gida. Kullum sai an ɗora ta a babur an kawo ta, ta zauna bayan zana, tana jin kasuwa da kunne, tana gane dillalai da tarinsu. Abu ɗaya ta roƙe ni, kuma ba ta saba roƙo ba.

"Ɗiyata, in hantsi ya yi ki ara min idonki. Shafi guda ya isa."

Na ce, "Haba Inna, wannan har sai kin roƙa?"

Watannin farko na yi. Hajiya ta riƙe, ni in zaga in karanta, Inna na gyara mini inda na yi sauri, domin rabin Littafin yana kanta. "Koma baya, kin haɗiye kalma." Wani lokaci takan tsayar da ni a kan layi ɗaya ta yi ta juya shi, ni kuwa kunnena na can wajen tukunya, ina jin Hajiya na zuba wa mutane nama fiye da kima. Daga nan na fara tsallake ranar Talata, ranar kasuwa, na ce ai ita ma ta san Talata. Sai Juma'a ta bi. Sai ya zama in ta kira in ce, "Bari in sauke wannan, Inna." In sauke, in ɗora wani. Aikin rumfa ba ya ƙarewa, sai dai mutum ya ƙare.

Ranar da muka yi faɗa a kan haka ba zan manta da ita ba. Talata ce, motocin shanu sun shigo da yawa, mutane tsaye da kwanuka har bakin hanya, itacen ɗanye, hayaƙi ya cika mini ido. Na ji muryarta daga bayan zana.

"Ɗiyata, hantsi ya yi."

Na yi kamar ban ji ba. Ta sake. Sai ga Hajiya ta tsallako, ita ma tsufa ya kama ta, tana dafa gwiwa, ta miƙo hannu za ta karɓi ludayi.

"Kawo in riƙa miki. Tahi ki karanta mata."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Ko gajiya ce, ko kunyar a ce Musulma ce ke tuna mini da ibadata a gaban mutane. Na janye ludayin na ce, "Hajiya, addinina ne ko naki? Ki ji da furarki." Sannan na ɗaga murya yadda za a ji a bayan zana, na ce, "Allah na ko'ina, Inna. Ba sai an bar miya ta ƙone ba kafin ya ji mutum."

Wani dattijon dillali ya aje kwanonsa bai gama ba, ya tashi. Hajiya ta tsaya da hannunta a miƙe, sannan ta mayar da shi cikin mayafi ta koma. Ina jiran Inna ta sauke mini kwandon masifa, irin wanda take sauke wa mahauta, da na ji daɗi. Ba ta yi ba. Can na ji ta ce, a hankali, "Gaskiyakki, ɗiyata. Yi aikinki."

Daga ranar ba ta ƙara kira na da hantsi ba. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, sauƙi na ji. Na ce a raina ta fahimta. Da yamma na kai mata farfesu da tsoka mai laushi, na ce ta yi haƙuri, ta ce ba komai, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Na ce gobe za mu ci gaba. Ta ce Allah shi kai mu. Hajiya ma na ba ta haƙuri, ta karɓa, muka ci gaba da gaisawa, amma ko da aka kira azahar ba ta ƙara ce mini in riƙa mata ba. Faifai take kifawa.

Ban taɓa barin Inna da yunwa ba. Na yi mata wanka, na yanke mata farce, na wanke abin da ba kowace suruka ke wankewa ba. Wannan duk gaskiya ne, kuma da shi na riƙa rufe bakin zuciyata. Amma in na zaga bayan zana ɗauko itace da hantsi, nakan same ta zaune a kan 'yar kujerarta, Littafin a kan cinya a rufe, ta ɗora tafin hannu a kai, bakinta na motsi. Abin da ya rage mata a ka take karantawa. Wata rana na ji ta kakare a tsakiyar layi, ta koma baya, ta sake kakarewa a wuri ɗaya. Na san kalmar da ta ɓace mata. Ina tsaye da itace a hannu, taku uku tsakaninmu. Wani ya ƙwala kira daga gaba yana neman ƙarin miya, na tafi.

Makonninta na ƙarshe ba ta iya hawa babur ba, ta zauna gida. Ranar Talatar nan da zan fita ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Na ce in na dawo za mu je asibiti. Wata maƙwabciya ce ta shiga kai mata ruwa wajen azahar ta same ta a jingine da bango, ta riga ta tafi. Ba wanda ya ji kalmarta ta ƙarshe.

Ga irin matar da muka rasa. Ba ta bar gona ba, ba ta bar saniya ba, a garin da ake auna mutum da shanu. Ta bar mahauta suna neman kalmar da za su yi mata addu'a da ita, ta bar tsohuwa Musulma tana kuka a dokin ƙofarta. Ubangijin da ta ba malmala ta farko duk tsawon ranta, ya karɓe ta hannu biyu, ya buɗe mata idon da muka kasa buɗewa. Mu da muka rage a wannan gari, ya dube mu da jinƙai.

Ko a ranar jana'iza, da shugabar zumunta ke yabo na, abin da nake gaya wa kaina shi ne 'yan makonni ne kawai na yi sakaci. Aiki ne ya yi yawa kwanan nan. Da haka na yi ta lallashin kaina har aka share makoki, baƙi suka watse, maigidana ya koma hanya.

Ranar da na shiga gyara ɗakinta, na ɗora ruwan wanke kayanta a murhu, na shiga na fara naɗe tabarma. Littafin na ƙarƙashin matashi, cikin ɗankwalinsa. Na kwance shi. Da kansa ya buɗe a inda muka tsaya, domin akwai alama a wurin, kuma ni na sa ta. Na tuna ranar sarai. Ina cikin karatu aka kira ni daga gaba, na miƙa hannu ta ƙasan zana inda wani ya shuka gero a bayan rumfuna, na tsinko ganye ɗaya na saka a tsakiyar shafi, na ce, "Yanzu zan dawo, Inna." Ganyen ɗanye ne shar a lokacin, geron ko kai bai fitar ba, ruwan sama na ɗiga daga zana.

Abin da na tarar a shafin ya bushe ya yi fari, ya bar zanensa a jikin takarda. Da na taɓa shi sai ya karye. An yi girbin geron nan, an sussuke, an ci, sanyi ya zo ya wuce, ga mu a ƙarshen bazara ana duban gabas. Duk tsawon wannan lokaci tana ɗora hannu a kan Littafi a rufe, ba ta bari kowa ya gusar da alamar ba, ba ta kuma gaya wa ɗanta ko fasto ko matan zumunta ba. Ta bar su suna cewa ni ce idonta.

Na zauna a ƙasa inda take jingina. Rabin shafi ne ya rage. Na sa yatsa a kan layin kamar yadda take yi, na karanta da ƙarfi, a hankali, ban haɗiye kalma ko ɗaya ba, ba kuwa mai ce mini in koma baya. Na kai ƙarshen shafin na fito tsakar gida, ruwan da na ɗora ko ɗumi bai gama yi ba.